Wurin Zaman Gwaggo a Motar Gawa

Vava'u, 6 ga Mayu, 1997

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Seini,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Sela da abin da ke cikinta. Yaya gwiwar taki? Sanyin Sidni ya fara shigowa ko da saura? Ni dai lafiyata ƙalau, doya da kifi nake ci safe da yamma, har wandona ya fara matse ni.

Motar ta iso. Jiya aka sauke ta daga jirgin ruwa a Neiafu, babban garin tsibirinmu, ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta. Da na tuƙo ta zuwa ƙauye, mata suka bar wanki, maza suka bar hira, kowa ya fito bakin hanya. Ban ga laifinsu ba. Shekara ashirin da huɗu ina raba mota gida biyu ina ƙara mata tsawo a garejin tsoho Brennan, motocin ɗaukar gawa da na gina wa mutanen Sidni sun fi ɗari, amma ban taɓa yin kamar wannan ba. Baƙin fentinta, mutum zai iya aske gemu a jikinsa. Gilashin gefe falle ɗaya ne tun daga bayan direba har ƙofar baya, kin kuma san wata nawa na jira kafin a lanƙwasa mini shi. Daɓen katakon da akwati ke hawa kuwa, da yatsa ɗaya za ki tura ƙaton mutum ya shige. Na san ta cinye miki ranakun Asabar na shekara biyu, amma da kin ga idon mutane jiya da kin yafe mata.

Kin san abin da ya sa na yi gaggawar kawo ta. Likita ya ce ƙodar Yaya Manase ta gama aikinta, sai dai jira. Kin kuma san alkawarin da na yi wa kaina ranar da aka kai Baba Isileli maƙabarta a bayan akori-kurar ɗaukar kwakwa, ana ruwa, akwatin yana zamewa ana tare shi da ƙafa. Na ce wani nawa ba zai sake tafiya haka ba. Yayana zai tafi yadda manyan mutane suke tafiya.

Na ji tsoron yadda zai ɗauki abin, a ce an kawo wa mutum motar gawa yana da ransa. Ashe ni kaɗai nake wahalar da kaina. Aka fito da shi a kujera, ya rame ƙwarai Seini, amma bakin nan yana nan. Ya ƙare mata kallo ya ce, "Kelepi, wasu agogo ƙannensu ke kawo musu daga Ostareliya. Ni ga tawa tsarabar." Sai ya ce a kwantar da shi a ciki ya gwada. Matarsa Luseane ta ce idan ya kuskura ita za ta ƙarasa shi da hannunta. Ya ce, "To ai ga mota a kusa." Har fasto sai da ya dara.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Gwaggo Lesieli. Shekararta tamanin da huɗu, amma da sandarta ta zagaya motar sau biyu, ta leƙa gaba, ta leƙa baya. Sai ta ce, "Ɗan Isileli, ni ina wurin zamana?" Na durƙusa na ce ai mutum biyu motar take ɗauka, direba da fasto, sauran jama'a a wata mota suke bi a baya, haka ake yi ko'ina. Ta yi mini kallon sama da ƙasa, ta juya ta nufi gida.

Kada ki damu. Tsohuwa ce, ba ta taɓa ganin irinta ba. Ki ba ni kwana biyu zan shawo kanta, ai na iya da masu makoki waɗanda suka fi ta wuyar sha'ani.

Ki gaida Sela da mijinta, ki kuma riƙa shan maganinki ba sai an tuna miki ba.

Naki har kullum,
Kelepi

Vava'u, 15 ga Mayu, 1997

Seini tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, kuma Sela ta daina ɗaukar kaya masu nauyi. Takardarki ta zo, na karanta har inda kika rubuta cewa kin gaya mini tun a gida Gwaggo ba za ta yarda ba. E, kin gaya mini. Ba sai kin ja layi biyu a ƙarƙashinsa ba.

Kwana biyun da na ce sun zama tara, Gwaggo tana nan inda take. Ita ce yayar mahaifinmu, ita ce fahu, wato gwaggon da al'adarmu ta ɗora sama da kowa a dangi, ranar da Yaya ya cika wurin kansa nata ne tun daga ɗaki har bakin kabari. Wannan ban taɓa musu ba, ni ma ɗan garin nan ne. Abin da na ce kawai, tafiyar rabin awa ce, ta haƙura da ita a motar baya. Ta ce, "Ba za a rufe mini ɗa a bayan gilashi shi kaɗai kamar kek a kanti ba." Ko kujerar fasto ba zan iya ba ta ba. A sana'armu ƙafa ake fara shigarwa, kai yana wajen ƙofar baya, to ka ɗauki fahu ka zaunar da ita a ƙafafun mamaci, ai zagi ne.

Har ta sa ɗan'uwanmu Heneli ya wanke akori-kurarsa ya ajiye don ɗaukar gawar. Shi kuwa abin nema ya samu. Duk inda muka haɗu sai ya ce, "Injiniya, idan taka ta rasa fasinja ka ba ni aro in kai kankana kasuwa, ai za a gan su da kyau." Raina yana ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Shekaranjiya na ɗauki littafin hotunan nan na gareji na kai mata. Na nuna mata ta Japan mai rufi kamar ƙaramin ɗakin ibada da adon zinariya, da ta Amurka mai labule wadda ba a ganin akwati, da irin tamu mai gilashi. Na ce Italiyawan Sidni mota guda suke cikawa da furanni, 'yan Sin kuma hoton mamaci suke so a kafa a gaba, duk na yi musu aiki, babu wanda ya ce sai ya zauna a baya. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggauta ba. Da ta gama ta ce, "Duk waɗannan mutanen, kai ka tambaye su abin da suke so?" Na ce ƙwarai, ai haka aikin yake. Ta ce, "Mu fa?" Na tattara littafina na fito.

Duk da haka da na tsaya a kan bakana, kin san halina. Amma jiya da hantsi ina matsa wa Yaya ƙafa a gindin mangwaro, babu kowa sai mu biyu, sai ya ce, "Kelepi, motar ta yi kyau, wannan karon ba wasa nake yi ba. Amma ka tuna, mu tara muka tashi a ɗaki ɗaya. Daga nan makarantar kwana, daga nan Luseane da yara. Ko da aka kwantar da ni asibiti, mutum shida suka shimfiɗa tabarma a ƙasan gadona. Ban taɓa zama a wuri ni kaɗai an rufe ƙofa ba." Na ce Yaya ai a lokacin ba za ka sani ba. Ya ce, "Na san ba zan sani ba. Amma yanzu na sani."

Seini, kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara biyu ina gina wannan mota saboda shi, ban taɓa tambayarsa ba. Tsoro yake ji, yayana da yake shiga teku da kwalekwale ba ya waiwaye, tsoron gilashina yake ji.

Gobe zan sa mata injin yanka ƙarfe. Kada ki gaya wa Brennan, zuciyarsa ba ta da ƙwari. Kuma kada ki tausaya mini, hannun da ya gina ta yana nan, na san inda zan yanka da inda zan haɗa. Abin da ban sani ba shi ne kwana nawa ya rage mini.

Ki sa mu a addu'a. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Kelepi

Vava'u, 27 ga Mayu, 1997

Zuwa ga Seini, sanyin idona,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Sela. Yaya jikin nata, yaya kuma aikinki? Ki gafarce ni da wannan rubutu, yatsuna duk ƙunar walda ne.

Gilashin muka fara cirewa. Mu huɗu muka ɗauke kowane falle, muka naɗe a bargo, fasto ya ba mu wuri a bayan coci. Ban dai yi kuka ba. Daga nan na cire shingen da ke tsakanin direba da baya, na cire ƙarafan ado na gefen daɓe don mata su sami wurin zama a kan tabarma kusa da akwati. Ƙofar baya ma ta tafi. A madadinta na haɗa dandamali na ƙarfe mai tsawon ƙafa uku, na ja rufi ya rufe shi, na kafa kujera mai hannu a kai, tana fuskantar daidai inda kan Yaya zai kasance. Kujerar a kan hinji take, a juya ta gefe a shigar da akwati, a mayar da ita a sa sakata. Dandamalin na ɗaga shi sama sosai, don kin san ramukan hanyarmu, ba na so gindin mota ya daki ƙasa da gawa a ciki. Ni ne na yi, amma sai na faɗa, aiki ya yi kyau.

Kin san wa ya zo da injin walda a rana ta biyu ba tare da na roƙe shi ba? Heneli. Bakin dai bai bari ba. Ya ce, "Shekara ashirin da huɗu a ƙasar Turawa, ka dawo kana gina akori-kura. Da ka tambaye ni da na koya maka a sati ɗaya." Amma tun daga ranar bai bar wurin ba, kuma hannunsa ba laifi. Mu biyu muka riƙa tsalle a kan dandamalin nan muna gwada ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba.

Wahalar ita ce awon Gwaggo. Ni wane ne da zan ɗora mata tef a jiki? Ko kusa da tabarmarta ba na tsayawa a tsaye. Sai na jira ranar taron mata, Luseane ta shigar da ni ɗakin Gwaggo kamar ɓarawo, na auna kujerar da take zama, tsayinta da faɗinta da inda gwiwar hannunta ta cinye fenti. Ranar Lahadi kuma na zauna a bayanta a coci ina auna kafaɗarta da ido, wa'azin ranar ko kalma ɗaya ban ji ba. Na aika mata ta zo ta gwada, ta ce, "Ranar zan gani." Har yanzu ba ta ce wa Heneli ya saki motarsa ta koma ɗaukar kaya ba.

Fenti ne bai zo ba. Na aika babban birni Nuku'alofa, an ce sai jirgin ruwa na gaba. Yanzu motar duk tabon walda ce da shafen toka-toka, muninta ba a magana. Kullum ana fito da Yaya ya kwanta a inuwa yana kallonmu. Jiya ya yafito ni da hannu, na sunkuya don muryar ta yi ƙasa ƙwarai, ya ce, "Yanzu ta yi kama da 'yar gida." Sai ya ce in nuna masa inda Luseane za ta zauna, na nuna masa. Ya ce, "Ka matso da ita kusa, kunnenta ba ya ji sosai."

Na karɓo tabarmi da zanen ngatu na ɓawon itace daga wurin ƙanwarki kamar yadda kika ce, Luseane ta yi godiya. Kwana uku ke nan Yaya bai ci komai ba sai ruwan kwakwa a cokali. Ki shirya zuciyarki. Ni ta ɓangarena na shirya, ko yau aka kira ni motar za ta tashi.

Allah ya tsare mini ku.

Naki,
Kelepi

Vava'u, 9 ga Yuni, 1997

Seini, matata,

Bayan gaisuwa, ina fata kin ɗan sami nutsuwa tun bayan wayar da aka yi miki, kuma Sela tana lafiya. Kada ki zargi kanki da rashin zuwa, Yaya da bakinsa ya ce ki zauna da yarinya. A waya ban iya magana ba, shi ya sa na zauna in rubuta miki yadda aka yi. Fentin, don ki sani, ya iso kwana biyu bayan an binne shi.

Ranar da safe aka ɗan yi ruwa, sannan gari ya washe. Ina tunanin yadda zan fito da motar nan da tabonta a gaban jama'a, sai na tarar mata sun riga ni. Sun lulluɓe ta da ngatu tun daga rufi har taya, sun ɗaure tabarmi masu kyau a ginshiƙan da gilashi yake a da, naki suna daga gefen dama. Da gilashin yana nan da babu inda za su ɗaura. Ni kuma aka ɗaura mini tsohuwar tabarmar makoki mai yagewa, tun daga ƙirji har ƙasa, kamar yadda ya kamaci ƙane.

Muka juya kujera, muka shigar da akwati, daɓen ya karɓe shi ba ko ƙara. Luseane da 'ya'yanta mata uku suka hau suka zauna a gefensa. Na mayar da kujera na sa sakata. 'Yan badujala suka jeru a gaba. Sai aka buɗe hanya, Gwaggo ta taho cikin baƙaƙen kaya, da sandarta, ba mai riƙe ta.

Ta zo bayan motar ta tsaya. Ta dubi kujerar, ta daɗe tana dubanta. Sai ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta sake ɗagawa, ba ta kai ba. Seini, dandamalin ya wuce gwiwarta da nisa. Na auna kujera, na auna kafaɗa, na auna ramukan hanya, ban sa matakala ba. Ni da Heneli mun hau mun sauka ya fi sau ɗari, da tsalle, ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba. 

 Babu namijin gidanmu da al'ada ta yarda ya kama ta, ita kuma ba wadda za a ciccɓa kamar buhu a gaban jama'a ba ce, kin san ta. Wasu mata suka matso, ta ɗaga musu hannu suka tsaya. Sai na ga ta juya kai a hankali wajen akori-kurar Heneli, wadda ke ajiye a wanke da tsaninta na katako a jingine. Kalma ɗaya za ta faɗa a sauke Yaya a mayar da shi can.

Ban tsaya neman akwaku ko dutse ba. Na zo bayan motar na durƙusa a cikin taɓo, gwiwa biyu da hannu biyu, na miƙa bayana. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, ƙafafunta kawai nake gani. Can sai na ji ta ce, "Daidaita bayanka, ɗan Isileli." Na daidaita. Ta taka ni ta hau. Ba ta da nauyi ko kaɗan, Seini, matar da duk muke tsoro tun muna yara.

Na shiga gaba da taɓona, fasto yana gefe, na sa giya ta ɗaya na bi 'yan badujala. Motar da na gina don masu rai biyu, mu bakwai ne a ciki. Mutane sun zauna a ƙasa a bakin hanya tun daga gida har maƙabarta, ba kuma wanda ya dubi fenti.

Da yake na cire shingen, duk abin da ake yi a baya ina ji. A madubi na ga ta ɗora tafin hannunta a kan akwati, daidai kansa, ta fara yi masa magana kamar yana zaune. "Manase, ga coci muna wucewa. Ga gidan su Heneli, har yanzu bai gyara rufin ba. Ga gonata. Ka tuna aladenka da ka saki ya cinye mini doya kana ɗan shekara tara, ka ce ba naka ba ne? Na san naka ne. Na sani tun ranar." Luseane tana kuka tana dariya, yaran suka ɗauki waƙar da yake so, Gwaggo ba ta fasa ba, ta ƙara murya ta bi ta kansu. Ta gaya masa inda teku ta fara bayyana, ta gaya masa wa ya zo wa bai zo ba, ta ce kada ya ji komai, tana nan. Ni ina tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan ina share ido don in ga hanya.

A maƙabarta na sake durƙusawa ta sauka. Ta karɓi sandarta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Kujerar ta yi daidai." Ke kin san Gwaggo, kin san daga bakinta wannan babban yabo ne.

Motar a nan za ta zauna, a hannun Heneli, gobe kuma zan haɗa mata matakala kafin in fara shirin dawowa. Amma abin da nake so ki sani shi ne, tun daga ƙofar gida har bakin kabari, Yaya bai yi minti ɗaya shi kaɗai ba.

Ki gaida Sela, ki ce Babanta yana hanya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Kelepi